Motar da Ba Ta Jiran Cika

Litinin, 12 ga Agusta 1974, bayan la'asar. Gumel.

Takarda ta zo! Masinjan gidan waya ya same ni a ƙofar gida ina fama da sarƙar keke, hannuna duk baƙin mai, haka na karɓa na ɓata ambulan. Jami'a ta ɗauke ni digiri na biyu a fannin labarin ƙasa, a Kano. Ni Zailani, wanda ya shiga aji ɗaya da kashin shanu a tsakanin yatsun ƙafa! Sau huɗu na karanta, na biyar na karanta wa matata Zuliha da ƙarfi, ta rangaɗa guɗar da ta watsa kajin maƙwabta.

Sun ce in yi rajista kafin sha shida ga Satumba, in kuma ba su adireshin inda zan zauna, don mai iyali a gari yake neman muhalli. Aji Litinin, Talata da Laraba. Juma'a da safe ganawa da malamin da zai duba aikina. Alhamis babu komai, ranar laburare ce. Wallahi na fi kallon wannan layin fiye da layin da aka rubuta sunana.

Da murna ta lafa, Zuliha ta ce, "To Malam, Alhamis fa?"

Na ce mata Alhamis tana nan inda Allah ya ajiye ta, tsakanin Laraba da Juma'a. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi.

Tunda littafin nan nawa ne, bari in faɗi iyakar abin da zan iya faɗa sau ɗaya, kada in sake.

Farin bara ya cinye garken Baba ƙaf. Ta ƙarshe Wule ce, ja mai farin goshi. Ni na ja gawarta da igiya zuwa bayan ruga, Baba yana tsaye yana kallo. Duk da haka, tun daga ranar, kowace Alhamis ta kasuwar Maigatari sai ya saɓa sandarsa ya tako daga ruga, ya shiga kara yana bin shanun sayarwa layi-layi, yana neman Wule.

Mun taɓa hana shi. Ƙanwata Asama'u, wadda take kula da shi, ta ɓoye sandar ta ja ƙyaure. Kwana uku ko ruwa sai da roƙo. Mun haɗa shi da wasu, ba ya jin maganar kowa. Ni kaɗai yake ji, wataƙila don ni na yi kiwo da shi, na san a gefen hagunsa ake tsayawa. In ya tsura wa wata saniya ido sai in ce, "Ba ita ba ce, Baba," ya wuce. In mun gama zagaye in ce, "Sai mako," ya juya gida lafiya lau, ya ci tuwonsa. Wajen ƙarfe goma yake isa kara. Wata goma sha huɗu ke nan ban taɓa barin ya riga ni ba. Hedimastanmu ma ya san ba a sa mini aji ran Alhamis.

Yanzu "Malam" yake ce mini, kamar ɗalibaina. Da can "Jailani" yake cewa, haka sunan ya zauna a bakinsa na Fillanci. Rabona da jin wannan sunan tun Wule tana da rai.

Ina son karatun nan. Ina son shi har cikin ƙashina, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ajin Laraba sai shida yake tashi, bayan la'asar kuwa babu motar Gumel. Saboda haka maganar ɗaya ce: wace unguwa zan kwana a Kano ran Laraba, in tashi in kasance a kara kafin goma? In babu ita, babu karatu.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan magariba.

Mun yi zagaye. Sau bakwai na ce ba ita ba ce. A hanya na gaya masa an ɗauke ni babbar makaranta. Ya ce, "Madalla, Malam. Allah ya ba iyayenka lada."

Asabar, 17 ga Agusta, da azahar.

Kawu Ubale ya zo da babbar riga da laima, ko da yake ba rana ba ruwa. Yayan mahaifiyata ne, shekara talatin yana akawu a ofishin En'e, shi ya tsaya da ƙafarsa aka sa ni makaranta, kuma bai taɓa bari na manta ba. Ya riga ya samo mini gida! Wani amininsa yana da sababbin gidaje a bayan ganuwa, kan hanyar Gwarzo, dab da jami'a. Ciki biyu da falo, famfo a tsakar gida, lantarki har banɗaki. Maƙwabta duk ma'aikata.

"Ɗana," in ji shi, "mutum mai digiri biyu ba ya zama inda aka ga dama. Unguwa ita ce hular mutum a birni."

Na fito da taswirar Kano na shimfiɗa a tabarma, na ɗauko rula. Ai sana'ata ce. Daga gidan zuwa jami'a rabin inci. Daga gidan zuwa tashar Gumel inci huɗu. Daga Kano zuwa Maigatari awa uku a mota, a sa awa ɗaya don tsautsayi. In na fito shida saura, goma ta yi mini a kara. Na ja layi da jan biro, na nuna wa Zuliha.

Ta leƙa ta ce, "Motar ma a kan takardar take tafiya?"

Mace da baki! Na ce mata shekara uku na yi ina karanta taswira a Zariya. Ta ce Allah ya sa direbobin ma sun karanta.

Talata, 20 ga Agusta, da yamma. Kano.

Gidan ya yi kyau, ba ƙarya. Na buɗe famfo na rufe sau uku kamar ɗan ƙauye, wanda kuwa ni ne. Daga taga ana hango ginin laburare. Na riga na zaɓi inda teburina zai zauna.

Zan kwana nan har jibi, in gwada hanyar ran Alhamis kamar an fara karatu. Na aika wa Asama'u kada ta damu, goma tana yi ina can.

Alhamis, 22 ga Agusta.

Biyu da kwata na isa Maigatari.

Juma'a, 23 ga Agusta, da hantsi. Ruga.

Zan rubuta hanya. Hanya kaɗai zan rubuta.

Shida saura kwata ina bakin titi. Kiya-kiya ta farko ta taho daga wajen Gwarzo cike maƙil da masu nono da masu kaji, ko kallona direban bai yi ba. Ta biyu haka, ta uku haka. Ashe duk motar da za ta wuce ƙofar gidan nan ta riga ta cika tun daga ƙauye, ita unguwar wucewa kawai ake yi ta gabanta. Bakwai da rabi na samu rabin mazauni, rabina a waje. Aka sauke mu a tsakiyar gari, na nemi wata zuwa tasha. Takwas da kwata na shiga tasha ina haki, motar farko ta tashi tun ɗazu.

Ta biyu mutum uku ne a ciki. Ɗan kamasho ya ce, "Yanzu za ta tashi, saura mutum biyu." Na san ƙarya yake yi, shi ma ya san na sani. Motar haya ba agogo take bi ba, cika take jira. Na zauna ina kallon agogona yana cinye tara, yana cinye goma. Da goma ta buga na san Baba ya shiga kara. Na san a wane layi yake. Na zauna a kan benci da kwandon albasar wani a cinyata, ban iya komai ba. Sha ɗaya saura muka tashi.

Shi ke nan maganar hanya.

Asama'u tana gasa wa Baba girar da ta kumbura da ruwan ɗumi. Zuliha ta zo daga Gumel da allura da zare, tana ɗinke rigarsa da aka yaga daga wuya har aljihu. Ba wanda ya ce mini komai. Da ma sun zage ni.

Saniyar da ya kwance tana da farin goshi. Abin da na sani ke nan.

Asabar, 24 ga Agusta, da la'asar.

Kalmar da suka kira shi da ita ba zan rubuta ba. Mutumin da ya shekara sittin a cikin shanu bai taɓa kwance igiyar da ba tasa ba.

Asama'u ta ce wani direban motar shanu, Ɗantsoho, mutumin Ɗanzomo, shi ya kutsa cikin taron ya rufe Baba da jikinsa, ya ajiye shi a gaban motarsa har na zo. Na ga mutumin a ranar. Ban iya ɗaga ido na kalle shi ba, balle godiya.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan azahar. Gumel.

Na rubuta wa jami'a. Layi huɗu, da Turanci mai ladabi: ina godiya, amma saboda dalilai na gida ba zan samu zuwa ba. Ban taɓa rubuta Turanci mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa tsanar rubutuna haka ba.

Kafin in rubuta sai da na sake duba komai. Jirgin ƙasa yana tsayawa Gagarawa, amma ba da safiyar Alhamis ba, kuma daga can sai an sake neman mota. Kama ɗaki a jikin tasha? Ko a cikin motar na kwana, sai ta cika. Ɗauke Baba zuwa Kano? Mako ɗaya ba zai yi ba.

Taswirar na naɗe na cusa a bayan akwati. Ita da rular.

Talata, 27 ga Agusta.

Na je gidan waya na dawo. Wasiƙar tana aljihuna.

Laraba, 28 ga Agusta, da hantsi.

Dole in rubuta wannan tun da zafinsa!

Ina zaune ina cin ɗumame kamar mai cin magani, Zuliha tana tankaɗe. Ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Malam, shanun da ake saya a kara, ina ake kai su?"

Na ce Kano.

"A me?"

Na ce a motar katako mana, kowa ya sani.

"To motar, da me take zuwa?"

Na buɗe baki zan ce da me kuwa za ta zo, sai na farga. Wayam take zuwa! Babu komai a cikinta sai igiyoyi!

Ta ce, "Ni 'yar Gagarawa ce. Tun ina yarinya nake ganin taragon gyaɗa yana zuwa ba komai, yana komawa a cike. Abin da ya zo ɗaukar kaya ba ya jiran fasinja, sauri yake kada wani ya riga shi. Kai ka tafi neman motar da ke jiran cika, ga wadda ba ta jira tana wuce ka kowace Alhamis kana kan keke, har ƙura take buɗa maka."

Shekara uku a Zariya! Wata goma sha huɗu motocin nan suna yi mini oda a hanyar Maigatari ina kaucewa ina tsine musu. Na tashi na kama rawa a tsakar gida da kwano a hannu. Ta ce in zauna kada in zubar mata da gari, kuma ba a gama ba, sai na je na roƙi mai motar.

Nan rawar ta tsaya. Na san wanda take nufi.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan magariba.

Tara ina kara. Baba ya iso da ɗinkakkiyar riga, kamar ba abin da ya faru. Mutane suna ganinmu suna sunkuyar da kai, wasu suna matsawa su ba mu hanya fiye da yadda ake buƙata. Wani dillali ya zo ya durƙusa ya gaishe shi ya daɗe bai tashi ba. Ban tambaye shi dalili ba. Sau biyar na ce ba ita ba ce.

Da Baba ya juya gida na nufi wajen lodi. Ɗantsoho yana zaune a inuwar motarsa yana cin goro, gajeren mutum mai furfura, wuyansa kamar turmi. Na yi sallama, na fara jero godiyar da na shirya tun daga Gumel. Ya ɗaga hannu.

"Bar shi, ɗan Gudaji. Shekarar da motata ta kafe a fadamar Sule Tankarkar, bijiman ubanka biyu suka fitar da ni. Ko ruwa bai bari na saya ba. Me ke tafe da kai?"

Na faɗa masa duka. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

"Kai yanzu da iliminka ka je ka zauna a tasha? Mu ana sallame asuba muke tashi daga Fagge, ko da mutum ko ba mutum. Wanda ya riga isa shi ke samun lodin farko. Shekara goma sha ɗaya kamyon nan," haka yake kiranta, irin na mutanen Damagaram, "tara ba ta taɓa yi mata a hanya ba, sai ran da gada ta karye. La'asar kuma mu juya da shanu. Gaba akwai wurin mutum ɗaya."

Na ce nawa zan riƙa biya. Ya ɓata rai, na bar maganar.

"Amma fa ba na zagaye gari neman kowa. Daga ƙofar gidan fatomarmu nake tashi, Hajiya Murja, wajen 'yan shanu. Nan Fulani da dillalai suke sauka tun zamanin mijinta. In kana son motata, sai ka kwana inda take kwana. Akwai ɗakuna biyu a baya da kewayensu. Sai dai Hajiya ba ta ba baƙon ido ɗaki, sai wanda aka sani."

Na dawo Gumel ina tuƙa keke ina waƙa. Ni da ban iya waƙa ba.

Asabar, 31 ga Agusta, da yamma.

Na je na gaya wa Kawu. Na zaɓi bayan ya ci abinci, bai yi amfani ba.

"Fagge? Wajen 'yan shanu? Jikin kwata?" Ya cire tabarau ya mayar. "Zailani, na cire ka daga bayan saniya da hannuna, yau kai da kanka za ka koma gindinta? Ka shiga aji gaban Turawa da manyan malamai kana warin kashin shanu? Me zan ce wa aminina? Wa zan gaya wa adireshinka?"

Na ce, "Kawu, ranka ya daɗe, gidan amininka ba shi da laifi. Motar da ke wucewa ta ƙofarsa ce ba ta tsayawa."

Ya ce ai magana ce ta mako-mako, a samu wani ya riƙa raka Baba. Raina ya ɓaci. Na ce, "An samu wasu ranar ashirin da biyu ga wata, Kawu. Da yawa ma." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai yau. Na ji kunya, amma ban janye ba.

Da zan fita ya ce, "Motar shanu da agogo! In ta wuce Gumel kafin tara, ni da kaina zan ɗauki akwatin matarka a ka."

Zuliha kuwa da na tambaye ta ko za ta iya da wari da ƙuda, cewa ta yi, "Da ina gudun warin shanu da ban auri ɗan ruga ba. Famfon dai nake jin takaici."

Talata, 3 ga Satumba, bayan la'asar. Kano.

Na ga Hajiya Murja. Tana zaune a soro kan buzu, tsohuwa siririya da carbi, dillalai manya-manya suna tsugune a gabanta kamar 'yan aji ɗaya. Na sa rigata mafi kyau, na ɗauko takardar jami'a da ta digirina na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya su sama da ƙasa ta miƙo mini.

"Wannan ba ta san ka ba, ni ma ban san ta ba. Wa ya san ka?"

Ɗantsoho ya ce, "Ni, Hajiya. Ɗan Gudaji ne mai jajayen shanu, na wajen Maigatari."

Ta ajiye carbin. "Gudaji dogo? Wanda ba ya shan shayi sai da barkono? A ɗakin can na kudu yake sauka. Sau tara yana kawo wa maigidana shanu a ƙafa, kafin motocin nan." Ta ƙare mini kallo. "Hancin ne. Ya jikin nasa?"

Ashe labari ya riga ni zuwa, a motar da nake nema. Na buɗe baki zan yi bayani. Ta ce, "Bar shi. Ba shi kaɗai ba ne, bara ta taɓa maza da yawa. Wasu jiki, wasu ba jiki ba."

Sharaɗinta biyu. Kada in kawo mata abokan boko masu toshe hanci a soro. Sannan duk Juma'a bayan masallaci in zauna in karanta wa baƙinta wasiƙunsu, in rubuta musu amsa, don mai yi musu ya koma garinsu. Na ce na yarda tun ba ta rufe baki ba.

Ɗakunan na ƙasa ne, rufin azara, rijiya a tsakar gida. Wari kuwa akwai shi, ba zan ɓoye ba, har a ruwan shayi. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na ja numfashi sosai. Rabon da ƙirjina ya buɗe haka tun bara.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi.

Na gwada ɗaya ɓangaren. Taku ɗari biyu daga soron Hajiya nan ne kiya-kiyar Kabuga take fara lodi. Farkon layi! Na shiga mota ba kowa, na zaɓi kujerar taga kamar mai gari, minti biyar ta cika da 'yan kasuwa. Minti ashirin da biyar ina ƙofar jami'a. A kan taswira nan ya fi gidan Kawu nisa sau takwas.

Darasin da zan fara koya wa ɗalibai in na gama: kada ka tambayi nisan unguwa, tambayi inda mota take fara lodi. Zan ce ni na gano, Zuliha ba ta shiga aji balle ta ƙaryata ni.

Ban yi rajista ba tukuna. Na rantse sai na ga gobe da idona. Wasiƙar nan tana aljihu har yanzu, ta yi laushi.

Alhamis, 5 ga Satumba, da azahar. Maigatari, a inuwar motar Ɗantsoho.



Liman yana sallamewa Ɗantsoho ya miƙe, ko addu'a a tafe ya ƙarasa ta. Shida saura ashirin muka bar ƙofar Hajiya. Ba ɗan kamasho, ba saura mutum biyu! Gaban motar an cika shi da buhunan dusa na wani dillali, saboda haka yau a baya na hau, na zauna kan tulin igiyoyi, na riƙe katako. An share bayan, amma sharar direba. Kafin Gezawa farar rigata ta tashi daga fara. Mota wayam tana tsalle kamar ɗan maraƙi, haƙorana suna haɗuwa, ni kuwa sai dariya nake ni kaɗai. Gero ya yi kai hagu da dama, bana Allah ya dube mu.

Takwas da minti ashirin muka shigo Gumel. Wa zan gani a gaban gidan waya? Kawu Ubale, da laima, da agogon aljihu a tafin hannu! Tun yaushe yake tsaye, oho. Na miƙe a bayan mota na ɗaga hannu biyu na ƙwala, "Kawu! Akwati!" Ya dubi agogo, ya dube ni, ya sake duban agogo. Sai ya ɗaga laimar sama, sau ɗaya, kamar mai jinjina. Daga wajen Kawu wannan guɗa ce.

Tara saura biyar na diro a kara. Awa guda cur na yi ina jira a bakin shiga, ban taɓa jin daɗin jira irin na yau ba.

Goma saura ya ɓullo da sandarsa. Na je na tsaya a hagunsa na gaishe shi.  Ya tsaya, ya juyo, ya kama hannun rigata ya kai hancinsa. Ya daɗe. Na ji kunya na fara cewa a mota ne, Baba, zan wanke.

Ya ce, "Jailani. Daga wajen shanu kake?"

Na ce e, Baba.

"Ka shayar da su?"

Na ce sun sha.

"To mu je."

Mun yi zagayenmu. Sau nawa na ce ba ita ba ce, ban ƙirga ba, ba na gani sosai. Ban ce ya warke ba. Wule muka nema yau ma, kuma ita za mu nema mako mai zuwa. Amma da za mu rabu, ban kai ga cewa komai ba ya riga ni: "Sai mako, Jailani. Kada ka makara."

Na ce ba zan makara ba. Karon farko ke nan da na faɗa ina da tabbas.

Ɗantsoho yana kirana, an gama lodi. Wasiƙar na ba mai tsire ya kunna wuta da ita.

Juma'a, 6 ga Satumba, kafin masallaci. Kano.

Na yi rajista! Magatakarda ya ce adireshi. Na ce, "Gidan Hajiya Murja, 'Yan Shanu, Fagge." Ya ɗago ya dube ni ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi, har na bayan layi suka ji, na kuma tsaya a kansa sai da ya rubuta daidai.

Jibi zan je in taho da Zuliha, kafin azumi ya kama. Kawu ya aiko wai wuyansa yana ciwo, amma zai rako akwatin da ido.

Matar da ke wanki a gidan Hajiya ta ga rigar jiya a rataye, ta ɗauka za ta jiƙa. Na karɓe da sauri. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin matashi.

Wannan ta Alhamis ce. Ba a wanke ta.